Grand Slam: kalmar da tanis ta aro daga teburin karta

Duk mai bin labarin wasanni a rediyo ya saba jin "Grand Slam" idan ana maganar manyan gasannin tanis huɗu, na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka. Kalmar kuwa ba a filin tanis aka haife ta ba. Daga wasan karta ta fito, kuma har gobe a wasan da ake kira birij take da ma'anarta ta asali.

Mutum huɗu ke yin birij, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Ana raba kati 52, kowa ya samu 13. A kowane zagaye kowa zai ajiye kati ɗaya, mai kati mafi ƙarfi ya kwashe, don haka zagaye 13 ke nan a rabo guda. Kafin a ajiye kati ko ɗaya sai an yi ciniki: kowane ɓangare yana faɗin zagaye nawa zai iya ci, da kuma irin katin da yake so ya rinjayi sauran. Wanda ya fi tayi shi ya ɗauki alkawari. Idan ɓangare ya yi alkawarin cin 12 ya cika, wannan ƙaramin slam ne. Idan ya yi alkawarin duka 13 ya cika, shi ne Grand Slam.

Alkawarin nan shi ne ƙashin bayan maganar. Wanda ya cinye zagaye 13 ba tare da ya faɗa tun farko ba, ba ya samun garaɓasar maki 1,000 ko 1,500 da aka tanada. Wanda kuma ya faɗa sannan zagaye ɗaya tak ya kuɓuce masa, ya tashi a tutar babu, har da tara. Wannan tsarin lissafi Harold Vanderbilt ne ya tsara shi a 1925, yana cikin tafiya a jirgin ruwa. Abin da ke burge ni shi ne, abokan biyu ba sa ganin katin juna lokacin cinikin, ba a kuma yarda su yi ishara ba. Da tayin kaɗai suke fahimtar juna.

Idan ana son ganin nauyin kalmar, a duba Giorgio Belladonna, ɗan Italiya da aka haifa a Roma a 1923. Yana cikin tawagar ƙasarsa da ake kira Blue Team, kuma ya ci kofin duniya na Bermuda Bowl sau 13 tsakanin 1957 da 1975, ga kofin Olympiad sau uku, a 1964 da 1968 da 1972. Ya daɗe yana wasa da Walter Avarelli, daga baya ya haɗu da Benito Garozzo.

A wasan ƙarshe na 1975 a tsibirin Bermuda, Italiya ta kara da tawagar Arewacin Amurka. Ana dab da tashi, maki sun yi kusa, sai Belladonna da Garozzo suka yi tayi har zuwa Grand Slam a irin katin nan mai alamar ganye mai kunne uku. Da Garozzo ya shimfiɗa katinsa a tebur, kamar yadda doka ta ce abokin mai alkawari ya yi, sai ga A da Q kaɗai na wannan iri. Belladonna na riƙe da guda shida, babbansu J. Sarkin, wato K, yana hannun abokan hamayya tare da wasu huɗu. Da wuya alkawarin ya cika sai idan sarkin yana hannun mutumin da ke hagun Belladonna, kuma da ɗan rakiya ɗaya kawai. Damar ba ta taka kara ta karya ba.

Mutumin na hagu shi ne Eddie Kantar, kuma K da 10 ne a hannunsa, su biyu rak. Belladonna ya jefa ƙaramin kati, Kantar ya ajiye 10, aka sa Q ta ci. Da aka buga A sai sarki ya faɗo. An cinye 13, Italiya ta tafi da kofi.

Masana sun daɗe suna tattauna wannan rabo. Da Kantar ya jefar da sarkin tun farko a maimakon 10, kamar shi kaɗai ne gare shi, da Belladonna zai iya zaton ragowar huɗun duk suna hannun abokin wasan Kantar, Billy Eisenberg, ya bi wata hanya da za ta kai shi ga faɗuwa. Ni dai ban ga laifin Kantar ba, domin ba kowa ne zai jefar da sarki da hannunsa a irin wannan matsi ba. Wannan ne kofin Bermuda Bowl na ƙarshe da Belladonna ya ɗaga. Ya rasu a 1995, kuma Italiya ba ta sake cin kofin ba sai a 2005.