Mari Ba Ya Fitar da Ƙwaya Daga Jiki

Iyaye da dama idan suka gano ɗansu yana shaye-shaye, sai su kulle shi a ɗaki ko su kai shi gidan mari, wai ya daina ko da tsiya. Nufin alheri ne, amma ana rasa rai ta nan.

Wanda ya shekara da shekaru yana shan giya kullum, idan aka raba shi da ita farat ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 hannunsa zai soma karkarwa, gumi ya jiƙe riga, amai ya taso. Jijjiga irin ta farfaɗiya kan biyo baya kafin awa 48. Kwana na biyu zuwa na huɗu ya fi hatsari: ruɗewa, zazzaɓi, gane-gane, zuciya na bugawa da sauri. A nan 'yan gida kan ce iskokai ne. A asibiti kuwa diyazefam ake ba shi, ana ragewa sannu a hankali, tare da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

Kodin da tiramol nasu daban ne. Hamma, majina, zawo, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, kusan mako guda. Tarkon yana bayan an warware, domin jiki ya manta da sabo, idan mutum ya koma kan adadin da yake sha a da, numfashi na iya tsayawa. Maganin naloksan kan farfaɗo da shi idan an yi hanzari.

Wannan ilmi ne da ƙungiyoyin ƙwararru suka tattara. Ƙungiyar likitocin shaye-shaye ta Amurka, ASAM, tushenta tun 1954, ita ta tsara ma'aunin tantance wa za a kwantar, wa zai riƙa zuwa daga gida. ISSUP, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta ƙwararru kan shaye-shaye, tana haɗa masu ba da shawara da nas-nas da likitoci don horo, kuma tana da reshe a Najeriya. Buƙatar ba ƙarama ba ce: wani bincike na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda.

Saboda haka kafin ku miƙa ɗanku wani wurin jinya, ku yi tambaya. Wane likita ke duba marasa lafiya, kuma yana da rajistar MDCN, wato hukumar likitoci ta Najeriya? Wa ke kwana da su? Idan jijjiga ta zo da dare, ina ake kai su? Ana barin iyaye su shiga ciki, ko a bakin ƙofa ake tsayar da su? Wannan ta ƙarshe kada ku sassauta a kanta. Gidan marin da aka fasa a Rigasa, Kaduna, a 2019, an fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, suna karɓar masu wannan lalura. Ku tafi da kwalbar ko kwalin abin da yake sha, ku faɗa wa likita adadin da yake sha a rana da lokacin da ya sha na ƙarshe, ko da kunya za ta kama ku.