Dutsen Ślęża

Ślęża dutse ne a yankin Silesiya ta Ƙasa, kudu maso yammacin Poland, kusa da garin Sobótka, kimanin kilomita 30 daga birnin Wrocław. Tsayinsa mita 718 ne daga saman teku. Ba wani tsayi ba ne na a zo a gani, amma da yake ya miƙe a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma, tun daga nesa ake hango shi, sau da yawa kansa lulluɓe da hazo.

Mafi yawan jikinsa baƙin dutsen gabro ne, sai giranit a gefen arewa. Masana sun ce gabron ɓangare ne na ƙasan wani tsohon teku, ya daskare shekaru wajen miliyan 400 da suka wuce kafin motsin ƙasa ya turo shi sama. A zamanin ƙanƙara ma, ƙololuwarsa ta tsaya sama da ƙanƙarar da ta rufe kewayen.

An daɗe ana bauta a kansa, tun kafin zuwan ƙabilun Slav. Har yau akwai ragowar ganuwar duwatsu a kusa da ƙololuwa, da gumakan giranit da aka sassaƙa: dabbar beya, da wadda ake kira budurwa mai kifi, da wani da ake ce wa malamin zuhudu. Wasunsu na ɗauke da alama mai kama da harafin X. Masana ba su daidaita kan waɗanda suka sassaƙa su ba. Wasu na cewa Keltawa ne, wata tsohuwar al'ummar Turai. Ƙabilar Ślężanie ta Slav ta gaji wurin, kuma a farkon ƙarni na 11 Bishop Thietmar na Merseburg ya rubuta cewa mutanen yankin suna girmama dutsen saboda tsafin da ake yi a can.

A ƙarni na 12 attajirin basarake Piotr Włostowic ya kafa wa 'yan zuhudun Kirista mabiya ƙa'idar Waliyyi Agustin gida a wurin, amma ba su jima ba suka koma Wrocław. Cocin da ke ƙololuwa yanzu ginin tsakiyar ƙarni na 19 ne, a kan kufan wata tsohuwar fada.

Tatsuniyar yankin ta ce ƙofar wuta na nan, kuma shaiɗanu da mala'iku sun yi ta jifan juna da duwatsu har tulin ya toshe ta. Shugaban shaiɗanun ya fusata ya buga ƙafa a ƙasa, wai shi ne asalin mashigin Tąpadła da ya raba Ślęża da maƙwabcinsa, dutsen Radunia.