Ƙuncin 'yan matanmu ya girmi waya

Kwanakin nan duk inda ka leƙa maganar 'yan mata ake, wai sun zama masu ƙunci ba a gane kansu, yarinya 'yar shekara 15 ta shige ɗaki ta ja ƙofa tana kuka, a tambaye ta ta ce ba komai. Wasu su ce waya ce, wasu su ce iska ce a kai ta ruƙiyya, wasu kuma su ce aure take so a yi mata kowa ya huta. Ni dai a ganina abun nan ya girmi TikTok nesa ba kusa ba.

Dalili na farko kowa ya san shi. A 1976 aka kawo UPE, shirin karatun firamare ga kowane yaro, aka ɗebi yara mata zuwa firamare, a hankali sakandare ta biyo, ga jami'ar ABU a Samaru da Kongo a Zariya tun 1962, sai lokacin aure ya yi ta ja gaba. Dandali da gaɗa suka mutu. A 2001 wayar salula ta shigo. Shikenan, nan ake tsayawa a fara zagin zamani.

Wanda ba a cika faɗa ba shi ne tashin da muka yi daga manyan gidaje. A da a cikin birnin Zariya, su Kwarbai, Kusfa, Ƙofar Gayan, gida ɗaya sassa ne rututu, kaka na nan, goggo na nan, matan baffanni na nan. Yarinya da ta fara tasawa ɗakin kaka take kwana. Kuma fa kaka abokiyar wasa ce, kishiya ma take ce mata, za ta kalle ta ta ce "kishiya an fara ƙirgar dangi, toh mijina dai ya fi ƙarfinki", a yi dariya, amma cikin wasan nan yarinya ta ji cewa abun da ke faruwa a jikinta ba ciwo ba ne, ba kuma abun kunya ba. Ranar da ta fara ganin jini can za ta nufa, ko wajen goggo. Haushi, fargaba, yaron da ya fara tare ta a zaure, duk a ɗakin nan ake warware su cikin dare.

Uwa ba ta cikin wannan lissafi tun asali, nan ne mutane ke kuskurewa. Al'ada ta sa kunya tsakanin uwa da 'ya, balle 'yar fari da ko sunanta ba ta kamawa. Ba rashin so ba ne, aikin ne aka raba, ita ta ci da ita ta kwaɓe ta, wasu su saurare ta.

Toh sai gidaje suka cika, gado ya rabu, aiki ya ja mutane waje, tun wajen shekarun 1980 ake ta fita ana kama haya ko gina ɗan fili a Tudun Wada, Gyallesu, Gwargwaje, Dan Magaji, daga miji sai mata sai yara, a ja get a rufe. An fito da kunyar nan cif yadda take amma an baro kaka a birni. Ga shi kuma daidai lokacin ne zaman budurci ya ƙara tsawo, wadda a da shekara ɗaya ko biyu ce tsakanin balagarta da ɗakin miji yanzu sai ta yi bakwai ko goma tana jarabawa tana jiran JAMB, da duk tambayoyinta a ciki.

Islamiyya ta yi nata, ana koyar da hukuncin haila da wanka tsaf. Amma ba a gaban aji yarinya za ta ɗaga hannu ta ce malama ni tsoro nake ji ba, ko ta ce ban san me ya sa nake jin haushin kowa ba. In ta gwada a gida kuma, "ke rufa mana baki, mara kunya" ko "me aka rage ki da shi?" Kuɗin audugar mata ma wata sai ta ce wa Baba littafi za ta saya.

Da waya ta iso, ta tarar da yarinya ta daɗe ba mai jin ta. Masu cewa a ƙwace ban ce ba su da hujja ba, akwai ɓarna a ciki sosai wallahi. Kakar dai tana nan a birni in tana da rai, amma sai ranar sallah ake kai mata jikokin, awa biyu, rabi gaishe-gaishe, Baba na waje yana ta danna hon.