Ciro ƙaramin abin da ya faɗa cikin injin babur

Faɗawar noti, wosha, kilif ko wani ɗan guntun ƙarfe cikin injin babur matsala ce da ke aukuwa yayin gyara, musamman lokacin da aka buɗe kan inji domin saita bawul, sauya zobban fistin ko ɗaura sarkar taimin, wato sarkar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul. Abin da ya faɗa yakan kasance bai kai ƙwayar wake ba, amma injin da ke juyawa sau 6,000 a minti yana juyawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya, kuma ratar da ke tsakanin haƙoran giyoyi ko tsakanin fistin da kan silinda ba ta da wurin baƙo. Dokar farko ita ce kada a juya injin, ko da kika, ko da sitata, ko da tura babur ɗin yana cikin giya. Bayan haka aikin ya rataya a kan tambayoyi biyu: ta wace kafa abin ya shiga, kuma da me aka ƙera shi.

Abubuwan da suka fi faɗawa

Wanda ya fi kowa laifi shi ne kilif ɗin fin ɗin fistin, wato ɗan zoben waya da ke hana fin ɗin zamewa. Sifirin ne, ana matsa shi da filaya ko bakin sukudireba, kuma idan ya kuɓuce tsalle yake yi. A lokacin kuwa an riga an cire bulok, wato gangar jikin silinda, bakin gidan karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) yana hangame daidai ƙarƙashin fistin. Na biye da shi su ne kusoshin da ke riƙe sifirokat (faifai mai haƙora da sarka ke hawa) na kamshaf (sandar da ke buɗe bawul), ƙaramin notin saita tafet (abin da ke danna bawul), makullan bawul masu kama da ɓarin gyaɗa, gajerun bututan ƙarfe da ke daidaita zaman bulok da kan silinda, da woshoshi. Akwai kuma waɗanda ba ƙarfe ba: zoben roba, guntun gasket da aka kankare, farin tangaran na fulogin da ya fashe, da zaren tsumma.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar abin ya shiga da gaske. Sau da yawa ana jin ƙararsa ne kawai, a ɗauka ya faɗa ciki, alhali yana maƙale tsakanin fikafikan silinda, ko a saman sitata, ko cikin ƙasa. A haska tocila, a bi ƙasa da maganaɗisu, a ƙirga sauran kayan da aka kwance. A garejin bakin titi inda ake aiki a kan turɓaya wannan bincike yakan ɗauki lokaci, amma ya fi sauƙi a kan tsage inji domin neman abin da ba ya ciki.

Inda abin ke zuwa

Yawancin ƙananan babura masu bugu huɗu (waɗanda fistin ke tafiya sau huɗu, sama da ƙasa, a kowane tashin wuta ɗaya), irin su Bajaj Boxer da dangin Honda Super Cub, suna da kamshaf a saman inji, sarka ce ke juya shi daga karanshaf. Sarkar tana bi ta wani rami a gefen silinda, kuma ramin a buɗe yake har ƙasa. Abin da ya faɗa nan yakan tsaya a ɗaya daga wurare uku: tsakanin sarka da robar da ke mata jagora, a kan haƙoran sifirokat na ƙasa, ko can ƙasan gidan karanshaf cikin baƙin mai. Na tsakiyar ya fi haɗari, domin da zarar an juya injin sarka za ta hau kan abin, ta tsallake haƙori ko ta tsinke. A injin Cub silinda a kwance take, ramin ma a kwance, saboda haka abin ba ya yin nisa muddin ba a girgiza babur ɗin ba.

Honda CG125, wadda aka fara ƙerawa a 1975, da tarin injunan Sin da aka kwaikwayo daga gare ta, ba su da sarkar taimin. Sanduna biyu ne ke tura bawul daga ƙasa. Ramin sandunan shi ma yana kaiwa ƙasa, kuma abin yakan tsaya kusa da kam da giyarsa.

Kafa ta biyu ita ce ramin fulogi, wanda ke kaiwa kai tsaye saman fistin. Ta uku ita ce bakin shan iska bayan an cire kafireta. Idan bawul ɗin shiga yana rufe, abin zai zauna a bayansa, kuma wannan sa'a ce: ana iya ɗaukarsa da filaya mai dogon baki. Juya injin ko rabin zagaye na iya buɗe bawul ya haɗiye shi.

Injin bugu biyu yana da nasa hali. Gidan karanshaf ɗinsa a rufe yake, ba ya haɗe da gidan giya, ba shi da mazubar mai a ƙasa, kuma ratar da ke tsakanin ƙafafun karanshaf da bango ƙanƙanuwa ce. Duk abin da ya rage a ciki, iskar da ke ɗauke da fetur za ta iya jefo shi sama ta kafofin silinda, ya shiga tsakanin fistin da bango. A irin wannan inji ba a ma tattauna batun barin abu a ciki.

Kayan aiki

Maganaɗisu mai dogon wuya da ke lanƙwasuwa shi ne babban makami, amma yana kama ƙarfen da mayen ƙarfe ke ja ne kawai. Alminiyom, tagulla, jan ƙarfe, roba, tangaran da yawancin ƙarfen da ba ya tsatsa ba sa kamuwa. Woshar jan ƙarfe ta bututun mai, alal misali, ko maganaɗisun da ya fi kowanne ƙarfi ba zai motsa ta ba. Domin irin waɗannan ana amfani da ƙugiyar waya, ko abin cafka mai 'yan yatsu uku ko huɗu da ke buɗewa idan an danna maɓallinsa, ko ɗan giris mai kauri a bakin sanda, ko siririn tiyo da aka haɗa da injin zuƙar ƙura.

Matsalar maganaɗisu a cikin inji ita ce yana manne wa duk abin da ya gifta: sarka, karanshaf, giyoyi. Maganinta shi ne a zura shi cikin guntun tiyon fetur, bakinsa kawai ya leƙo, domin robar ta rage kamun gefe. Wanda ya haɗa nasa da hannu ya ɗaure maganaɗisun da kyau a jikin waya, ba da salatif kaɗai ba, domin baƙin mai yana sakin gam, kuma maganaɗisun da ya ɓalle ya manne a bayan karanshaf ya fi notin da ake nema wuyar fitarwa. Sukudireban da aka goga a jikin mayen ƙarfen tsohuwar lasifika yana iya ɗaukar kilif ko ƙaramar wosha, ba ya wuce haka.

Kyamarar leƙe, wadda ake jonawa da wayar hannu, ta sauƙaƙa aikin sosai. A kula da kaurinta. Fulogin babur irin Cub mai zare milimita 10 ne, kuma buɗin ramin bai cika milimita 9 ba, don haka kyamara mai kaurin milimita 5.5 ce ke shiga ta sami wurin juyawa. Mai milimita 8 da ƙyar take wucewa. Na CG mai zare milimita 12 ne, ya ɗan fi yalwa.

Yadda ake bi

Ana farawa da hanyar da ba ta buƙatar kwance komai, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. A kashe makulli, a cire wayar batir, a kafa babur a tsaye kan babbar ƙafa. A haska ramin, a ga abin da ido kafin a zura wani abu, domin lalube a makance yakan tura shi gaba. Idan yana maƙale a jikin sarkar taimin, a riƙe sarkar a miƙe da waya ta sama yadda ba za ta sassauta ba, a sauke maganaɗisu a hankali, a ɗago shi ba tare da ya bugi bango ba. Yawancin abubuwa a bakin fita suke sake faɗawa, inda suke gogar gefen rami, shi ya sa ake so a tare su da filaya tun kafin su iso.

Idan ya wuce ƙasa, sai a juye baƙin mai cikin kwano mai tsabta, a tace shi da rariya ko farin ƙyalle. Ƙananan injuna suna ɗaukar mai kusan lita ɗaya ko ƙasa da haka, ba wani dogon aiki ba ne. Sai dai a san iyakar mazubar: a yawancinsu zaren milimita 12 ne, buɗinsa ya ɗan haura milimita 10 kawai. Kilif da makullin bawul za su fita, amma notin da ake kwancewa da sifana lamba 10 ba zai wuce ba, domin daga kusurwa zuwa kusurwa ya haura milimita 11. Injin CG yana da babban murfi a ƙasan gefen hagu, wanda sifirin da rariyar mai ke bayansa, kuma wannan kafa ta fi faɗi. Idan man bai fito da abin ba, ana iya zuba kananzir ko man dizal ta ramin da abin ya bi, a karkata babur ɗin zuwa ɓangaren mazuba, a sake tacewa. Ba a amfani da fetur saboda wuta. Iska mai ƙarfi ma ba ta da amfani a nan, tana cusa abin ne a lungun da ba a gani.

Akwai dabara ɗaya da ba kowa ke tunawa da ita ba. Gidan karanshaf na alminiyom ne, ƙarfin maganaɗisu yana ratsa shi. Idan aka ɗora maganaɗisu mai ƙarfi a waje, ƙarƙashin inji, aka ja shi sannu a hankali, yana iya janyo notin da ke ciki har bakin wata kafa. Haƙarƙarin da aka zuba a cikin gidan yakan tare hanya, saboda haka ba kullum take ci ba.

Mataki na gaba shi ne cire murfin gefe. Na dama yana buɗe kulochi, famfon mai da wani sashe na ƙasan inji, kuma akwai tagogi da ke haɗa shi da tsakiya inda maganaɗisu zai iya shiga. Na hagu yana buɗe magneto, wato na'urar da ke samar wa babur lantarki. A injunan da magneto ke wanka cikin mai, a duba cikin kwanonsa da kyau: cike yake da mayen ƙarfe, yakan fizgi kilif ko wosha ya riƙe, daga baya abin ya yanke wayoyin koyil. Cire kwanon yana buƙatar abin zare shi na musamman. Dukansa da guduma yana lalata bakin karanshaf. Kusoshin murfi tsawonsu ba ɗaya ba ne, a jera su yadda aka cire su, kuma a tanadi sabon gasket.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a sauke injin daga firam, a kifa shi, a girgiza a kan farin ƙyalle tare da sauraron ƙara. Injin ƙaramin babur mutum biyu suna juya shi ba wahala. Tsage gidan karanshaf gida biyu shi ne na ƙarshe, domin ƙananan injuna a tsaye aka raba su kuma ba su da kaskon mai na daban, don haka sai an cire kan silinda, bulok, kulochi da magneto kafin a kai ga ciki. Manyan babura masu silinda huɗu sun fi sauƙi ta wannan fuska: yawancinsu suna da kaskon mai a ƙasa da ake kwancewa injin yana kan firam.

Abin da ya shiga ta ramin fulogi kuwa, idan ƙarfe ne, siririn maganaɗisu yakan ɗauko shi, ko da yake yakan gangara gefen fistin inda sai an lanƙwasa waya ake kaiwa. Tangaran ɗin fulogi ya fi muni: ba ya kamuwa, yana da tauri ƙwarai, yana karce bangon silinda da mazaunin bawul. A zuƙe shi da tiyo, a leƙa da kyamara. Idan akwai shakka ko kaɗan, cire kan silinda a injin mai silinda ɗaya aikin ɗan lokaci ne, kuma kuɗin gasket bai kai na fistin da bawul ba.

Batun barinsa a ciki

Wasu makanikai sukan ce ƙarfe mai nauyi zai kwanta a ƙasa, rariya kuma za ta hana shi shiga famfon mai. Maganar rariya gaskiya ce, amma babur ba ya zaune wuri ɗaya. Yana karkata a kwana, yana faɗawa rami, wani lokaci ya faɗi da gefe, kuma giyoyi suna juyawa a cikin man da abin ke kwance. Idan haƙori ya ɗauke shi, ko giya ta karye, ko gidan ya tsage, ko tayar baya ta cije ana cikin gudu. Roba, gasket da zaren tsumma ba sa karya haƙori, amma suna toshe rariya, man ya daina hawa sama, kamshaf ya ci mazauninsa.

Bayan an ciro

A duba abin, a tabbatar cikakke ne; woshar da ta fito da ɓari tana nufin akwai saura. Kilif ɗin fin ɗin fistin ba a mayar da tsoho, sabo ake sawa, kuma bakinsa kada ya zauna daidai da tsagin da ke jikin fistin. Idan sarkar taimin ta sassauta yayin aikin, a sake daidaita alamar T da ke jikin magneto da alamar sifirokat na kamshaf. Idan an wanke da kananzir, a bar shi ya tsiyaye sosai, a zuba sabon mai, a sake sauya shi bayan ɗan gajeren amfani. Sannan a cire fulogi, a juya karanshaf da sifana zagaye biyu cikakku, domin haka ne injin bugu huɗu ke kammala zagayensa. Duk inda ya cije a tsaya, kada a yi masa ƙarfi.

Idan an riga an tada injin kafin a gane, a duba saman fistin ko ya sami tambo, a gwada matsin silinda domin gano bawul ɗin da ya lanƙwashe, a kuma duba man ko yana ƙyalli da garin ƙarfe.

Rigakafi a nan mai arha ne: tsumma mai tsabta marar sakin zare a bakin gidan karanshaf kafin a taɓa kilif, wani a ramin sarka kafin a kwance sifirokat, a mayar da fulogi ko a toshe raminsa, a kuma busa ƙurar da ke kewaye da shi kafin a cire. A ƙirga tsummokaran da aka cusa, a sake ƙirga su kafin a rufe injin.