Shigo da karnukan titi daga ƙasashen waje: haɗurran da ke tattare da shi

Shigo da karen da aka ceto shi ne ɗauko karen da ba shi da mai shi, wanda aka tsinta a titi ko aka ajiye a gidan tsare karnuka a wata ƙasa, a kawo shi wata ƙasar domin wani gida ya riƙe shi. Harkar ta fi ƙarfi tsakanin ƙasashen da karnukan titi suka yi wa yawa, irin su Romaniya, Girka, Sifen, Turkiyya da Masar, da ƙasashen da ke karɓa, irin su Ingila, Jamus da Amurka. Ta bunƙasa sosai bayan 2013, lokacin da Romaniya ta yi dokar da ta ba da damar kashe karen titi idan ya yi kwanakin aiki 14 a tsare ba a samu mai ɗaukarsa ba, sai ƙungiyoyi suka shiga fitar da su kafin wa'adin ya cika.

Tushen haɗarin ɗaya ne: ba wanda ya san tarihin karen. Takardar lafiya tana faɗin abin da aka yi masa ne a rana kaza, ba ta faɗin abin da ya kwasa watanni kafin a kama shi, kuma yawancin cututtukan da ake tsoro sun fi wa'adin takardar daɗewa a ɓoye. Saboda haka ne Norwe ta hana shigo da karnukan titi tun daga 1 ga Yuli 2018.

Yadda abin ya shafi Katsina da Daura

A ƙasar Katsina an fi riƙe kare don farauta, kiwo da gadi. Hadisi ya ambaci farauta, kiwo da tsaron gona a matsayin dalilan da aka yarda da su, kuma a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Baƙon kare kan iso ta hanya biyu. Akwai mai takardu, wanda ke sauka a filin jirgin Legas, Abuja ko na Malam Aminu Kano, sannan a ƙarasa da shi a mota. Akwai kuma wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, wato kwikwiyon da mafarauci, makiyayi ko direba ya tsallako da shi daga Nijar ta Jibiya ko ta Kongolam, daga wajen Maraɗi ko Damagaram, ba allura ba takarda. Mutanen bakin iyaka ba sa kallon wannan a matsayin shigo da dabba daga waje, tunda kasuwa ɗaya ake ci, amma a fuskar doka da ta lafiya shigowa ce.

Haukan kare

Wannan ce cutar da ta fi kowace muni, domin da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum ko dabba, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kare ne ke jawo har kashi 99 cikin 100 na kamuwar mutane. Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ƙwayar cutar tana shiga ta cizo ko ta yawu a kan rauni, ta bi jijiyoyi a hankali har ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A duk tsawon wannan lokaci karen lafiyarsa lau a ido, yana ci yana wasa, kuma babu gwajin jini da zai tabbatar ba ya ɗauke da ita. Sai ya mutu ake duba ƙwaƙwalwarsa. Allurar rigakafin da aka yi wa karen da ya riga ya kamu ba abin dogaro ba ce. Nan ne gizo ke saƙar: karen da wani mahaukacin kare ya ciza mako biyu kafin a kama shi zai iya samun allura ta gaskiya da takarda ta gaskiya, ya hau jirgi, ya haukace a gidan da ya sauka.

An sha ganin haka. A 2004 an shigar da wani kwikwiyo daga Maroko ta Sifen zuwa kudu maso yammacin Faransa ba bisa ƙa'ida ba, ya haukace, hukumomi suka yi ta cigiyar duk wanda ya taɓa shi. A 2015 an samu cutar a jikin wata karya da aka kai Amurka daga Masar, bincike ya nuna takardar allurarta ta jabu ce. A Yunin 2021 an samu mai cutar a cikin karnuka 33 da kyanwa ɗaya da wata ƙungiya ta kai Shikago daga Azarbaijan, bayan an riga an rarraba su jihohi daban-daban. Daga 14 ga Yulin wannan shekarar Amurka ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, har zuwa ƙarshen Yulin 2024, kuma tun 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba.

Wani zai ce ai cutar tana nan gida, me baƙon kare zai ƙara? Abin da yake ƙarawa shi ne sakin jiki. Karen unguwa ana yi masa kallon nesa, amma wanda aka kashe wa kuɗi aka kawo da takarda, shi ake bari yara su rungume. Kuma ba kowane mahaukacin kare ke faɗa da cizon duk abin da ya tarar ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, sai a zaci ƙashi ne ya maƙale masa a sa hannu a baki domin cirowa.

Cututtukan da ke daɗewa ba su fito ba

Burusela ta karnuka, wadda ƙwayar Brucella canis ke haddasawa, ita ce ta fi tayar da hankalin likitocin dabbobi a Ingila tun 2020, kuma yawancin karnukan da aka samu da ita daga Romaniya suka fito. Tana sa karya ɓari a ƙarshen ciki, wajen kwana 45 zuwa 55 daga cikin kwana 63 na goyon cikinta, tana kumbura marainan namiji, wani lokaci ta kama ƙashin baya. Da yawa kuwa ba sa nuna komai. Ana ɗaukarta ta barbara, ta ruwan haihuwa, mabiyiya da fitsari. Magani na iya danne ta, amma ba ya ba da tabbacin ta fita, shi ya sa wasu ƙasashe ke ba da shawarar kashe karen. Tana kama mutum: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zufar dare, ciwon gaɓoɓi, alamun da a asibitocinmu za a fara ɗauka na cizon sauro ne ko taifot. Gwajin jini na iya kasa gano ta har mako 12 bayan kamuwa, don haka gwaji ɗaya kafin tasowa bai wadatar ba, sai an maimaita wata uku bayan isowa. Mai niyyar haɗa baƙon kare da karyarsa domin samun iri ya fi kowa buƙatar wannan gwaji.

Lishmaniya ta karnuka ta yi katutu a ƙasashen bakin Bahar Rum. Wani ɗan ƙwaro mai cizo da dare, wanda bai kai sauro girma ba, shi ke yaɗa ta. Tana iya kwanciya watanni ko shekaru kafin kare ya fara ramewa, gashi ya zube a kewayen ido, fata ta yi ɓawo, akaifa ta yi tsawo fiye da ƙima, daga ƙarshe ƙoda ta lalace. Ana ba da maganin alofurinol na tsawon watanni, sau da yawa har ƙarshen rai. Dangin wannan ƙwaro suna nan a yankin Sahel, abin da ya sa kawo kare mai cutar ba lamarin gida ɗaya ba ne.

Tsutsar zuciya kuwa sauro ke kai ta. Tana girma har kusan santimita 30 a jijiyoyin huhu da zuciya, kuma gwaji ba ya ganinta sai bayan wata shida zuwa bakwai da cizon. Maganinta allurai uku ne na melasomin tare da hana karen gudu na makonni, domin matattun tsutsotsi na iya toshe jijiya su kashe shi.

Cututtukan da kaska ke yaɗawa, wato Ehrlichia da Babesia, ba baƙi ba ne a nan, amma karen titi kan zo da su sun riga sun tsufa a jikinsa. Alamunsu dasashi fari, haɓo, kumburin saifa da fitsari mai duhu. Ta farkon ana maganinta da doksisaikilin, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin kare a kullum har kwana 28. Tsayar da shi a mako guda don an ga sauƙi shi ke dawo da ita. Tsutsar ciki mai faɗi ta Echinococcus, wadda ƙwanta ke yi wa mutum ƙari a hanta, farazikwantel ke kashe ta, miligiram 5 ga kilo.

Abin da ƙasar ke yi wa baƙon kare

Haɗarin ba ta gefe ɗaya yake ba. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafin Katsina kan haura digiri 40. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 ne, idan ya wuce 41 ƙwaƙwalwa da ƙoda na cikin haɗari. Masu kaurin gashi na ƙasashen ƙanƙara da masu gajeren hanci su ne ke fara faɗuwa, sau da yawa tun a mota tsakanin Kano da Katsina idan an rufe keji a but. Wanda ya faɗi ana kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a nemi likita.

Kwikwiyon da bai kammala alluransa ba, waɗanda ake farawa a mako 6 zuwa 8 ana maimaitawa duk mako uku zuwa huɗu har mako 16, gudawar jini ta fabo na iya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Sai kuma kuskuren magani. Ibamektin da ake yi wa tumaki da shanu yana iya shanye wasu karnukan kiwo na Turai, irin koli da danginsa, saboda wani gado a jininsu, kuma karen titi ba a san da wa ya haɗa jini ba. Fesa fiya-fiya don kashe kaska guba ce kai tsaye, haka ma ba shi maganin ciwon jiki na mutane.

Hali

Kare yana koyon sabo da mutane ne tsakanin mako 3 zuwa 14 na rayuwarsa. Wanda ya wuce wannan lokaci a bola ko a keji, tsoro ya riga ya zauna masa, kuma mai tsoro ya fi mai faɗa saurin cizo idan aka ritsa shi a lungu. Gidan Bahaushe kuwa ba ya rabo da shige da fice: yara, almajirai a ƙofa, masu talla, ga awaki da kaji a tsakar gida. Karen da ya rayu da farautar abincinsa zai bi kaza, kuma yakan yi gurnani a kan kwanonsa. Manyan karnukan garke na Turkiyya da Romaniya an yi su ne don su kori baƙo, ba sa bambanta ɓarawo da maƙwabci. Makonnin farko ne lokacin gudu. Katangar da ba ta kai mita biyu ba, ko zauren da ake bari a buɗe, ba sa tsare shi. Ɗaure shi da sarƙa dare da rana yana ƙara masa zafin rai ne kawai.

Takardu da matakai

Ana neman izinin shigowa daga sashen kula da lafiyar dabbobi na gwamnatin tarayya kafin karen ya taso, kuma jami'an NAQS, hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, ne ke duba dabba da takardunta a filin jirgi da bakin iyaka. Jerin aikin yana da muhimmanci. Da farko a sa masa ƙwayar shaida, ɗan guntun lantarki kamar ƙwayar shinkafa mai lamba 15 da ake cusawa ƙarƙashin fata, sannan a yi allurar haukan kare, wadda ba a yi kafin mako 12 da haihuwa. Idan allura ta riga ƙwayar shaida, babu abin da ke nuna wannan karen aka yi wa. Bayan kwana 30 a ɗebi jini a auna ƙarfin rigakafin, wanda bai kamata ya gaza 0.5 a ma'aunin duniya ba. A karanta lambar da na'ura a gaban mai karɓa, a gwada ta da ta takarda. A duba haƙora kuma: kwikwiyon da aka rubuta wa wata shida amma bakinsa cike da haƙoran nono, an ƙara masa shekaru a takarda.

Masu damfara a Facebook da WhatsApp sukan sa hoton kare mai ban tausayi, su karɓi kuɗin jirgi, sannan na inshora, sannan na kwastan, kare bai taɓa wanzuwa ba.

Bayan isowa ana ware shi a ɗaki ko shinge na daban aƙalla wata guda, da kwanonsa da tsintsiyarsa, ba ya haɗuwa da yara ko dabbobin gida, a cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsa. Gwaje-gwajen da asibitin dabbobi na jiha ba ya yi ana iya tura jini asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda kuma ke sarrafa allurar haukan kare.

Idan ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, kada a ɗaure ko a cusa magani, a tafi asibiti a ranar domin fara allurai, waɗanda aka saba yi a ranar farko, ta 3, ta 7 da kuma tsakanin ta 14 da ta 28. Cizon da ya huda fata yana buƙatar ƙarin allurar garkuwa a kewayen raunin. Karen a tsare shi a sa masa ido kwana 10. Idan ya mutu a cikin wa'adin, kada a jefar da gawar ko a fasa kan, a kira likitan dabbobi ya ɗauki kan zuwa gwaji.