FODMAP: kalmar da ke bayan kumburin ciki bayan cin naman tsiro

Mutum ya ci bega ko tsiren da aka sarrafa daga waken suya, babu ko ƙwayar nama a ciki, sai bayan wasu awoyi ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, iska ta ƙi ƙarewa. Nan take sai a ɗora wa furotin ɗin tsiro laifi. Sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Masana abinci suna da suna ga ainihin abin da ke yin wannan ɓarna: FODMAP.

Masu bincike a Jami'ar Monash da ke Melbourne a Ostareliya, Peter Gibson da Susan Shepherd, su ne suka fito da kalmar a shekarar 2005. Haruffa ne da aka tsinto daga sunayen wasu nau'o'in sukari masu gajeren sarƙa, waɗanda ƙaramin hanji ba ya iya tsotsewa sosai. Biyu daga cikinsu ne suka fi shafar naman tsiro. Na farko su ne rafinos da stakiyos, waɗanda ke cikin waken suya da fis (wato koren wake) da sauran dangin wake. Na biyu kuwa furuktan ne, wanda ke cikin alkama da albasa da tafarnuwa.

Jikin ɗan Adam ba ya samar da sinadarin da ke yanka waɗannan sukari a ƙaramin hanji. Don haka sai su wuce yadda suke zuwa babban hanji, inda bakteriya ke jiransu. Su kuwa bakteriyan sai su ci, su fitar da iskar haidurojin da kabon dayoksaid, a wasu mutanen har da mitan. Wannan yana faruwa ga kowa da kowa. Bambancin kawai shi ne wani hanjinsa ya fi saurin jin zafi idan ya miƙe, musamman masu ciwon hanjin nan da likitoci ke kira IBS. Kuma saboda abinci yana ɗaukar awoyi kafin ya isa babban hanji, kumburin da ya taso minti goma bayan cin abinci galibi ba na abincin da ke gabanka ba ne. Na ɗazu ne, ko na jiya, sabon abincin ya zaburar da hanji kawai.

Abin da ya fi amfani shi ne karanta jerin kayan haɗi a bayan fakiti, domin ba duk waken suya ne ɗaya ba. Akwai wanda aka yi da garin wake da aka cire wa mai kawai, furotin ɗinsa kusan kashi 50 cikin 100, kuma sukarinsa na nan daram. Akwai wanda aka wanke da ruwa ko alkohol har furotin ya kai kusan kashi 70, wankin ya tafi da yawancin sukarin. Sannan akwai tatacce mai kusan kashi 90, wanda ya fi su sauƙi a ciki. Wannan dalilin ne kuma ya sa awara mai tauri ba ta cika damun mutane ba: sukarin yana narkewa a ruwa, matsewa kuma tana fitar da ruwan. Awara mai laushi da ba a matse ba tana riƙe da kayanta.

Abin takaici, kamfani zai iya tace furotin ɗinsa tas, sannan ya mayar da matsalar ta wata hanya. Garin albasa da na tafarnuwa da ake zubawa don ɗanɗano cike suke da furuktan, kuma busasshe ya fi ɗanye ƙarfi idan aka auna cokali da cokali. Inulin da ake cirowa daga saiwar wani tsiro mai suna cikori don ƙara fiba, wato harzar abinci, shi ma furuktan ne tsantsa. Shi kuwa metilselulos, mai lamba E461, wanda ke haɗe began kada ya tarwatse a kasko, ana yawan zarginsa, alhali bakteriya ba su cika cinsa ba. Yana dai riƙe ruwa ya tausasa bayan gida.

Akwai abin da ba FODMAP ba ne. Man kwakwa da ake sawa don ya maye gurbin kitse yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, sai a ji nauyi da gyatsa. Kayan madadin nama masu suna Quorn kuma, waɗanda aka fara sayarwa a Ingila a 1985, daga wani nau'in fangas ake yin su, kuma 'yan tsirarun mutane kan yi tashin zuciya ko amai bayan sun ci.

Hanyar gano mai laifi ba ta da wuya, haƙuri take so. A daina cin kayan na mako biyu. Idan ciki ya kwanta, a dawo da nau'i ɗaya tak, a fara da kwatar abin da aka saba ci, washegari rabi, a rana ta uku cikakke, ana rubuta abin da aka ji. Kada a haɗa shi da wake ko burodin alkama ko miya mai albasa da yawa a zama ɗaya, domin FODMAP taruwa yake yi: kowanne shi kaɗai ciki zai ɗauka, haɗuwarsu ce ke ƙetare iyaka. Wanda bai saba da fiba ba kuma ya riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin makonni, yana shan ruwa. Ƙwayar maganin alfa-galaktosides da ake sha tare da lomar farko tana yanka sukarin wake, amma ba ta taɓa furuktan.

Idan kuwa abin ya zo da borin jini, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, wannan na iya zama alaji ga waken suya, fis ko alkama, kuma asibiti yake so nan take. Jini a bayan gida, rama ba gaira ba dalili, ko gudawar da ke tayar da mutum cikin dare, su ma likita za a kai wa, ba sauya fakiti ba.