Polimiyaljiya, ciwon kafaɗa da ƙugu na dattawa: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Ba sanyin ƙashi ba ne kawai?

A'a. Kumburi ne a kewayen gaɓoɓin kafaɗa, wuya da ƙugu, dama da hagu. Dattijuwa ta wayi gari ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, ko ta yi sujada sai an kama ta kafin ta tashi. Sandarewar safe takan wuce minti 45, rana ta ɗaga sannan jiki ya ɗan saki.

Shekarata 35, ina jin shi ke damuna.

Ba shi ba ne. Ƙasa da 50 da wuya. Ya fi kama masu 70 zuwa sama, mata sun fi maza.

Baba ya sha prednisolone, maganin danne kumburi, kwana uku ya miƙe. Ya warke ke nan?

Bai warke ba, maganin ne ya danne kumburin. Haka yake: miligiram 15 a rana, cikin kwanaki mutum ya koma kamar ba shi ba. Amma tafiyar shekara ɗaya ce zuwa biyu, wasu ma fiye. Kada ku yanke masa magani rana ɗaya. Wanda ya shafe makonni yana sha, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin kotisol. Aka tsayar kwatsam, sai jiri, amai, jini ya sauka, har suma.

Hajiya na ciwon kai a gefen goshi, mu jira ranar ganin likita?

Ku jira me? Yau, yanzu. Sabon ciwon kai a gefen goshi, zafin fatar kai wajen taje gashi, muƙamuƙi ya gaji tana tauna nama, gani ya dusashe ko abu ɗaya ya zama biyu: alamun kumburin jijiyar jini ta gefen goshi ke nan, abokin tafiyar wannan cuta a wajen wasu. Idon da ya tafi ta nan ba ya dawowa. Maganinsa miligiram 40 zuwa 60 ne, 15 ɗin nan ba ta tare shi.

Na rage magani, ciwo ya dawo. In ƙara ko in daure?

Nan sai a hankali, don ciwo biyu ne masu kama da juna. Ragin da aka saba: 15 na mako uku, 12.5 na mako uku, 10 na mako huɗu zuwa shida, daga nan miligiram 1 duk mako huɗu zuwa takwas. Idan ciwon ya zo washegarin ragi, ga kasala, kuma yana sauƙi kullum, mai yiwuwa jiki ne ke sabawa, cikin mako guda ko biyu yakan wuce. Idan kuwa sai bayan kwanaki ya sulalo, yana ƙaruwa, sandarewar safe ta dawo yadda take a farko, to cutar ce ta farka. Kusan rabin masu ita sukan gamu da haka, ba laifinki ba ne, Hajiya. Galibi likita zai mayar da ke adadin da kika ji daɗinsa na ƙarshe, sannan a sake saukowa cikin wata ɗaya zuwa biyu. Gwajin jini na ESR da CRP, mai auna kumburi a jiki, yana taimakawa, sai dai ba alƙali ba ne: mura ma tana ɗaga su, wani kuma cutar ta dawo gwajin na nan lafiya lau. Kuma ciwon kafaɗa ɗaya tak, ya fi kama da jijiya ko zaizayar gaɓa da maganin ya ɓoye.

Matsalar da ba a faɗa: ƙwayar miligiram 5 ce ta cika kemis, ta 1 sai an nema. Raba 5 biyu yana ba da 2.5, wanda daga 10 zuwa ƙasa babban tsalle ne. Likita na iya tsara wata rana kaza, wata rana kaza. A rubuta a kalanda, kada a dogara da ƙwaƙwalwa. Idan dawowar ta yawaita, akan haɗa da wani magani, methotrexate, sau ɗaya a mako. A mako na ce. Shan sa kullum yana kisa.

In sayo a kemis in gwada?

Kada ki soma. Cutar ta fi yawa a Turawan arewacin Turai, irin su Norwe da Suwidin. A wajenmu sai an fara tabbatar da cewa ba amosanin gaɓɓai ba ne, ko raunin maƙoƙo, ko kansar ɓargo, ko tarin fuka wanda prednisolone ke hura wa wuta.

Azumi fa?

Sau ɗaya ne a rana, a sha da sahur bayan abinci. Mai ciwon suga ya fara zama da likitansa.

Fuskata ta kumbura.

Maganin ne, za ta saɓe in an rage. A rage gishiri da zaƙi. Abin da ya fi fuska muhimmanci ba a ganinsa a madubi: suga, hawan jini, yanar ido, da ƙashi da ke ruɓewa shiru. A riƙa auna su, a sha kalsiyam da bitamin D. Wadda aka ba alendronate, maganin ƙarfafa ƙashi, miligiram 70 a mako, ta sha da safe cikinta ba komai, da cikakken kofin ruwa, kada ta kwanta sai bayan minti 30.